Yadda Ake Sayen Kayan Harhaɗa Motar Tsere Mai Siffar Ta Da

Shelby Cobra ta asali, wadda Ba'amurke ɗan tseren mota Carroll Shelby ya fara fitarwa a 1962 bayan ya sanya injin Ford a jikin motar AC Ace ta Ingila, ta fi ƙarfin aljihun kusan kowa, shi ya sa wasu kamfanoni ke sayar da shasi da bodin faiba masu kama da ita, mai saye ya harhaɗa da kansa. Ga mai sha'awa a Katsina, matakin farko shi ne ya zaɓi motar da zai ciro injin da giya daga jikinta tun kafin ya duba hoton bodi, domin yawancin kayan ba sa zuwa da su.

Kamfanin Factory Five na jihar Massachusetts a Amurka ya gina tasa Cobra ɗin ne bisa kayan Ford Mustang, motar da samun kayan gyaranta a nan sai an aika Legas. Kwaikwayon Porsche 356 Speedster kuwa ana ɗora shi ne a kan shasin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo, kuma tunda an taɓa harhaɗa Beetle a Legas, har yanzu akwai tsofaffin makanikai da suka san injinta kamar yunwar cikinsu. A ganina, wannan ce ta fi dacewa da mu, ko da yake ba ta da rurin Cobra.

Daga nan sai a nemi waɗanda suka riga suka harhaɗa irinta a tambaye su. Abin da suka fi kokawa da shi shi ne bodin yakan iso ba fenti, ƙofofi da murfin injin ba su zauna daidai ba, sai an yi ta goga da ciko, kuma faiba ba ta karɓar guduma da walda irin ta mai gyaran bodi da muka saba da shi. Masu Cobra sukan ƙara da cewa salansar da ke gefen ƙofa tana ƙona ƙafar mai saukowa, zafin injin kuma yana dukan ƙafafun direba. Wanda zai bi hanyar Daura da rana a watan Afrilu, cikin Cobra marar rufi, ya kamata ya saka babban lagireto da fanka mai ƙarfi cikin lissafinsa, ya kuma tuna cewa babbar riga da salansa mai zafi ba sa shiri.

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar sitiyarin na hagu ne, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, alhali Caterham Seven, wata motar harhaɗawa ta Ingila, a ƙasarta sitiyarin dama ne. A nemi takardar shaidar ƙira da lambar shasi daga kamfanin, a buɗe Form M (takardar shigo da kaya daga waje) ta banki, sannan a zauna da wakilin fito ya bayyana yadda kwastan za su ƙiyasta kuɗin kayan, tunda ba a matsayin cikakkiyar mota za su shigo ba. Ba tare da waɗannan takardu ba, samun lamba da takardar VIO zai yi wuya.

Idan kwantenar ta iso, a buɗe akwatunan a gaban makaniken, a ƙirga kowane noti da waya bisa jerin kamfanin, a ajiye su a gareji mai rufi saboda ƙurar hunturu. Kafin a ɗaure ƙafafun motar kuma, a auna tudun rage gudun da ke layin gidan, a ɗaga shasin daidai da shi.