Yadda nake shirya tsohon babur kafin gwajin shekara a Legas

Babur ɗin da nake hawa Boxer ne, na saye shi na hannu a 2014 wajen wani ɗan garinmu da ya tattara zai koma gida noma. Fentin tankinsa ya koɗe, sau uku ina kai sit ɗinsa wajen mai ɗinki, amma duk shekara in lokacin sabunta takardu ya zo yana samun takardar lafiyar abin hawa, wadda a nan Ikko kowa ke ce wa rodwodines. Ni bakanike ne, rumfata tana Agege, kuma tambayar da na fi ji a bakin masu kawo mini aiki ita ce, "Oga, wannan tsohon zai wuce kuwa?" Abin da nake gaya musu ke nan: mai dubawa ba ruwansa da shekarun babur. Abin da yake nema shi ne, in an taka birki ya tsaya, da dare a gan shi, taya ta riƙe ƙasa, hayaƙi kada ya wuce kima, lambobin jikinsa kuma su zo daidai da na takarda. Na sha ganin ɗan shekara goma sha biyu ya cika waɗannan, na kuma ga ɗan wata takwas da mai shi ya bari ya lalace.

Tun Janairun 2022 gwamnatin Legas ta ce ba a ba abin hawa wannan takarda sai an kawo shi an duba. Ko bayan haka ma, 'yan VIO, jami'an duba lafiyar ababen hawa, na kan hanya, kuma abin da ake dubawa a wurin gwaji shi suke kallo in sun tsayar da kai. Saboda haka ni kan fara shiri saura mako biyu takarda ta ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya, domin akwai gyaran da sai an hau babur kwana uku ko huɗu kafin ya zauna.

Fara da wanki, wanki na gaske, har ƙarƙashin inji. Taɓon damina da baƙin mai kan haɗu su yi ɓawo su rufe tsagewa da yoyo. In ya bushe, nemo lambar inji da lambar shasi. Ta shasi tana jikin wuyan babur, ƙasan kai, ta inji kuma tana jikin tukunyar inji daga gefe. Ɗauko takardarka ka karanta su harafi bayan harafi. Iskar Legas mai laima ce, ga gishirin teku, tsatsa kan ci lambar shasi har ta dusashe. Ka sa kananzir da tsohon buroshin goge baki ka goge a hankali, ka shafa ɗan giris. Kada ka kuskura ka sa fayil ko injin gurza ƙarfe a wurin, kada kuma ka bari wani ya ce zai sake buga maka lambar. Wurin da aka gurza kamar na sata yake a idon hukuma, kuma wannan magana ta fi ƙarfin gwaji. In ka taɓa canza tukunyar inji, rasit ɗin da ka saya ya kasance cikin takardunka, a kuma gyara lambar a rajista.

Daga nan sai wuta, kuma a nan ne tsofaffin babura suka fi faɗuwa. Cikin waɗanda ake dawo mini da su an ce ba su wuce ba, mafi yawa injinsu lafiya lau yake, wayoyi ne suka ba da su. Ka tayar da babur, ka sa wani ya tsaya a baya. Kunna fitilar gaba, ƙarama da babba. Kunna sigina ta hagu da ta dama, gaba da baya, ka ga suna ƙiftawa daidai. Danna hon. Sannan ka matse birkin hannu shi kaɗai, ka tambayi na baya ko jar fitila ta kama, ka saki, ka taka na ƙafa shi kaɗai ka sake tambaya. Mutane da yawa ba su san kowane birki da nasa makunni ba. Na ƙafa yana kusa da fedar birki, an ɗaure shi da ɗan sifirin, kuma shi ne ruwa ke fara kashewa in ka ratsa ambaliya a watan Yuni ko Yuli.

In fitila ta ƙi, kada ka yi saurin sayen kwai. Buɗe ka duba mazaunin kwan. Za ka tarar da wani kore-kore ko fari-fari kamar toka a jikin tagullar. Ka kankare shi da ɗan sanfefa, ka bi wayar da aka ɗaure jikin ƙarfen babur, wadda muke ce wa at, ka kwance notin ka goge wurin har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tam. Rabin fitilun da aka ce sun mutu da haka nake tashin su. Wayar da aka haɗa da murɗawa aka naɗe da leda, yanke ta a sake haɗawa da dalma. A ƙananan babura irin namu hon da sigina da batir suke aiki, to in hon yana kuka kamar mai mura, sigina na ƙiftawa sai an ja totur, batir ne ya yi sanyi. Lafiyayyen batir in an sa masa mita yana nuna wajen volt 12.6. In mai ruwa ne, a ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba. Gilashin fitilar baya da ya fashe a sa sabo, madubi kuma biyu ne, duk da na san 'yan'uwanmu da yawa na cire su don kutsawa cikin go-sulo.

Birki kuwa ba don takarda kaɗai nake jan kunne a kansa ba. Kwanaki wani dattijo mutumin Haɗeja, mai kai kayan miya daga kasuwar Mile 12, ya kawo babur ɗinsa ya ce in ɗan ƙara masa birki kawai, gobe zai kai gwaji. Na duba notin da ke ƙarshen sandar birkin baya, an murɗa shi har ya kai ƙarshen zare. Na ce, "Baba, nan babu sauran abin ƙarawa, sai mun buɗe." Ya ce, "Yaro, ai yana kamawa." Na sa yarona ya sauke tayar. Da muka zare farantin, shu ɗin, wato takalmin birkin da ke matse taya daga ciki, ya cinye har ƙarfe ya bayyana, ɗaya ɓangaren ma ya ɓalle yana yawo a ciki, cikin tukunyar birkin kuma ya yi zane-zane kamar an bi da ƙusa. Na miƙa masa ya shafa da yatsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da wannan nake ɗauko buhu biyu na attaruhu?" Ranar bai bar rumfar ba sai da muka canza gaba da baya.

Ga yadda za ka gane da kanka. Fedar birki ta sauka kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi, wato milimita 20 zuwa 30, sannan ta kama. In sai ta kusa taɓa ƙasa, ko noti ya ƙare, shu ya tafi. Wayar birkin gaba in ta fara tsittsinkewa kusa da hannu, ko da zare ɗaya ne, canza ta. Dubi ƙafafun shokazoba na gaba: in mai na zubowa yana gangarowa wajen birki, a canza sil, domin shu da ya sha mai ba ya kamawa. Sabon shu kuma yana bukatar kwana biyu ko uku ana hawa kafin ya kwanta daidai da tukunya. A nan ne nake roƙon mutane kada su bi araha. Jabun shu ya cika kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Taya tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta, lamba huɗu cikin ɗan zagaye. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, sun daɗe suna gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba na bushewa. Matsa gefen ka duba ko akwai ƙananan tsage-tsage kamar faso. Cikin ramin zanen akwai ɗan tudu. In saman taya ya zo daidai da shi, ta gama aiki. Ni iska 25 nake sa wa gaba, 28 a baya, in zan ɗauki kaya 32. Sifok kuma, wato wayoyin nan na cikin ƙafar babur, bi su da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya saki za ka ji muryarsa daban.

Sauran ba su da wuya. Kafa babur kan babban jak, wani ya danne baya, ka juya kai hagu da dama. In yana sarƙewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas in ka ja ƙafafun gaba, boris ɗin wuya ne. Cen ya yi wasa kamar faɗin yatsa biyu, haƙoran siforoket in sun yi tsini a canza su tare da cen. Lambar rajista ta bayan babur ta fito fes, a ɗaure da noti.

Hayaƙi shi ne abin da ya fi tsorata masu tsohon babur, alhali yakan faɗa maka ciwonsa da launinsa. Baƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa: wanke soson iska, a wanke kafireto a daidaita, a sa sabon filogi, magana ta ƙare. Mai shuɗi-shuɗi da wari kuwa baƙin mai inji ke ƙonawa, ringi ne ko sil ɗin bawul, kuma babu wani ruwan kwalba da zai warkar da shi. Sai an buɗe. In aikin ringi ne, a yi shi da wuri a hau a hankali na wasu kwanaki. Ɗan farin tururin safiya da ke ɓacewa in inji ya yi zafi ba komai ba ne. Salansa da ta huje a liƙe ta da walda, wanda kuma ya cire cikinta don ƙara, ya mayar.

Takardu su ma ka shimfiɗa su a tabarma ka duba kwanan watan kowace: lasin babur, shaidar mallaka, inshora, da lasin tuƙinka. Inshorar nan ta biyan wanda ka yi wa ɓarna dole ce, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa a kanta. Kada ka miƙa kuɗinka ga mai tare ka a bakin ƙofa yana cewa zai fito maka da komai ba sai ka shiga ba. Wani yaro da ke kai saƙo ya taɓa kawo mini irin takardar nan, kyakkyawa da ita, aka duba a kwamfuta babu ita. Hular kwano kuma tun farkon 2009 ta zama tilas, ka je da ita a kanka.

Abu ɗaya da ba na so ɗan'uwa ya manta: takardar lafiya ba ta buɗe maka hanyar da aka rufe. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Manyan tituna kuwa doka ta keɓe su ga baburan kai saƙo masu inji 200cc zuwa sama. Daga Agege taku kaɗan ne ka faɗa Ikeja. Don haka tun kafin ranar ka tambayi inda za ka kai babur ɗin da hanyar da za ka bi, kada gyaran mako biyu ya ƙare a bayan motar kame.

Ranar gwaji ka fita da sassafe, ka bar inji ya yi zafi a hanya. Ni a aljihu nakan saka kwan fitilar baya guda, kwan sigina guda, fiyus, sukundireba da sifana lamba 10. In an ce wani abu bai yi ba, kada ka tsaya musu, ka roƙi jami'in cikin ladabi ya nuna maka ainihin abin, ka tambayi kwana nawa kake da su ka dawo. Bara tawa siginar baya ta hagu ce ta ɗauke ina cikin layi, saura mutum biyu a zo kaina. Na durƙusa na kwance gilashin, na kankare mazaunin da bakin sukundireba, na mayar da kwan, ta kama.