Yadda ake haɗa tafiye-tafiyen aiki da fita da iyali a farkon bazara

Duk shekara idan bazara ta kama, abu ɗaya nake gani wajen matasan abokan aikina da ba su daɗe da fara tafiye-tafiye ba. Aiki yana taruwa a daidai lokacin, saboda ofisoshi da yawa suna son rufe lissafin rabin shekara kafin ƙarshen Yuni. A gida kuma yini ya yi tsawo (a arewacin duniya wajejen 21 ga Yuni ne yini mafi tsawo), yara sun ƙosa a fita da su. Sai mutum ya zauna a ɗakin otal, kewa ta kama shi, ya ɗauki waya ya ce, "Da na dawo ranar Asabar za mu fita." Daga wannan alkawari ake fara ɓata abin.

Mataki na farko ana yin sa ne tun kafin a sa maka ranar tafiya. Ku zauna da maiɗakinka ku ware ranakun fita, biyu ko uku kawai a cikin makonni shida na farkon bazara, ba kowace Asabar ba. Ku sa su a kalandar da ku biyun kuke gani a waya. Ni Google Calendar nake amfani da ita, amma kowace ma ta yi, muddin ba a kanka kaɗai ranakun suke ba. Sannan ka toshe su a kalandar ofis, ka sanar da shugabanka tun da wuri. Tun ran gini, tun ran zane: wanda ya ce "ranar kaza ba zan samu dama ba" wata guda kafin lokaci, da wuya a yi jayayya da shi. Wanda ya bari sai an sayi tikiti, roƙo zai koma yi.

Na biyu, yanke tikiti. Kada ka tashi ranar Lahadi da yamma in akwai jirgin asubar Litinin, domin da ka fito da akwati Lahadin nan ta ƙare ga kowa a gidan. Wajen dawowa kuma ka guji jirgin ƙarshe na yini. Idan aka soke shi babu wani a bayansa, kwana ya kama ka. Tikitin da ake iya sauya ranarsa ya fi tsada, na sani, kuma ba kowane wurin aiki ne ke yarda ya biya ba. Ni dai na gwammace in cika bambancin daga aljihuna a tafiyar da ta zo daf da ranar fita, sauran kuma in ɗauki mai arha.

Na uku, yadda za ka bar yara. Ƙaramin yaro bai san Alhamis ba, kwana ya sani. Ka ce masa, "Barci uku za ka yi, ka gan ni." Ka tsayar da lokacin kira guda ɗaya, da agogon gida ba naka ba, minti biyar zuwa goma sun isa. Kada ka kira daf da lokacin kwanciyarsu, kuka za ka tayar ka kashe waya ka bar uwarsu da lallashi. A waya kuma kada ka ƙara wani alkawari a kan wanda ke kalanda.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni, wato ranar dawowa. Kowa yana shirya tafiya, ba mai shirya dawowa, kuma a nan na taɓa faɗuwa. Na sauka wata Juma'a da dare daga inda muke da bambancin awa shida, da alkawarin kai yara bakin ruwa da safe. Ban runtsa ba sai gab da asuba. Na tuƙa mota idona na lumshewa, da muka isa kuma ƙaramin abu sai in daka tsawa. A hanyar komawa babbar 'yata ta ce a hankali, "Baba, da ka bari sai wani satin." Har yau maganar nan tana raina. Na cika alkawari a baki, amma ba ubansu suka samu ranar ba, gajiyayyen baƙo ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne jiki yana da nasa agogon. Galibi yana bukatar kusan kwana ɗaya a kan kowace awa ta bambancin lokaci kafin barci ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wahalarwa, domin tilasta wa jiki barci da wuri ya fi wuya a kan jinkirta shi. Ko babu bambancin lokaci ma, kwana uku na taro da baƙon gado da zaman filin jirgi suna barin gajiyar da ba ka jin ta sai ka shigo gida.

Saboda haka dokata ita ce yini guda cur, babu komai a cikinsa, tsakanin sauka da fita. In Asabar ce fitar, daren Alhamis ka kwana a gida. In bai yiwu ba, a mayar da fitar Lahadi, kuma a faɗa wa yara tun kana can, ba da safen ranar ba. A wannan yini ka fita hasken rana ka ɗan taka, yana taimaka wa agogon jiki ya dawo. In barci ya rinjaye ka da rana, kada ya wuce minti talatin. Rasit da rahoton tafiya kuwa ka gama su a filin jirgi kana jira, kada su biyo ka gida su cinye hutun.

Akwai wani ɓangaren dawowar da maza da yawa ba sa gani. Maiɗakinka ita ta riƙe gidan ita kaɗai duk kwanakin nan, gajiyarta ba ta gaza taka ba. Kada ka shigo ka hau gyare-gyare, me ya sa wannan bai yi aikin makaranta ba, wa ya sauya lokacin kwanciya. Ka tambaye ta abin da ya faru bayanka, ka saurara, sannan ka karɓi yaran na awa biyu ta huta. Shirin fitar ma, haɗa jaka da duba mota, ka ɗauke mata. Idan matar ce mai tafiyar, maigida ya riƙe gida, duk wannan bai sauya ba.

Fitar kanta ba ta da wuya. Zaɓi wurin da bai wuce tafiyar awa ɗaya ba, ku fita da sassafe, domin rana ta fi ƙuna tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ruwan sha fiye da yadda kake zato, huluna, man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa biyu. Jaririn da bai kai wata shida ba a inuwa zai zauna. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci, zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti goma. Ku tanadi wani wuri mai rufi ko da hadari zai taso. Wayar aiki kuma ka saita imel ya riƙa mayar da amsa da kansa, ka ba abokin aiki ɗaya lambar da zai same ka in abu ya ɓaci, ka jefa ta cikin jaka sai kun dawo.