Yadda ake mayar da Windows na kirak zuwa mai lasisin halas

Da yawa daga kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu a Sakkwato, Windows ɗin da ke kansu na kirak ne, wato an kunna shi ta ɓarauniyar hanya ba tare da lasisin halas ba, kuma masu su ba su ma sani ba. An kai wa mai gyara ya yi fomatin, ya ɗora Windows, ya kunna wata 'yar manhaja irin KMSpico ko KMSAuto, rubutun nan na "Activate Windows" ya ɓace daga kusurwar allo, aka biya shi aka tafi. Sai bayan watanni rubutun ya dawo, ko kwamfutar ta riƙa nauyi, ko a tarar an kashe mata Windows Defender, manhajar kariyar da ke zuwa da Windows. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajojin kwamfuta, amma abin da ya fi kusa da mai kwamfuta shi ne tsaron kansa. Kafin kirak ya yi aiki sai an kashe kariya an ba shi cikakken iko, kuma ba ka san me aka cusa a cikin wanda aka sauko da shi ba. A wannan kwamfutar kake shiga asusun banki da imel.

Kafin ka kashe ko kwabo

Wataƙila kana da lasisi tun tuni. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanoni irin HP da Dell da Lenovo suka daina liƙa lambar lasisi a ƙarƙashin kwamfuta, suka koma dasa ta a cikin madabod, wato babban allon da ke riƙe da sassan kwamfutar. Laftof 'yan Beljiyam da suka cika kasuwa, su EliteBook da Latitude da ThinkPad, galibi daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma da yawansu na ɗauke da lasisin Pro a ciki. Mai gyara kan yi kirak a kai ne kawai saboda hannunsa ya saba, ko don ya ɗora bugun Windows, Home ko Pro, da bai dace da lasisin ba.

Danna Start da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Terminal ko PowerShell mai ikon Admin, ka rubuta wannan:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select-Object OA3xOriginalProductKey

Idan haruffa da lambobi 25 suka fito, biyar-biyar kashi biyar, lasisinka ke nan na asali. Rubuta shi a takarda ka adana. Ka sake rubuta umarnin, ka sauya kalmar ƙarshe zuwa OA3xOriginalProductKeyDescription, zai nuna maka bugun. Professional na nufin Pro, Core kuma na nufin Home. Idan wurin ya fito fayau, babu lasisi a madabod ɗin.

Sai ka duba abin da ke kai yanzu da umarnin slmgr /dlv. A 'yar tagar da za ta buɗe, nemi layin Description. OEM_DM na nufin lasisin madabod ne ke aiki, ba ka da matsala. RETAIL na nufin lasisin saye. VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar gida ko ta shago kuwa kirak ne, domin KMS tsari ne na manyan kamfanoni masu uwar garke tasu, wato babbar kwamfutar da ke kunna wa sauran lasisi, lasisinsa na kwana 180 ne ana sabuntawa. Umarnin slmgr /xpr zai tabbatar maka: lasisin halas na mutum ɗaya cewa yake ya tabbata har abada, na kirak kuma ya ba ka ranar ƙarewa, wani ma ya kai ta 2038. Akwai wani salon kirak da ke sa kwamfuta ta nuna RETAIL da lasisi na dindindin. Wannan ba a gane shi da ido. Idan babu lamba a madabod, babu rasit, kuma Windows ɗin bai taɓa zuwa da kwamfutar ba, ka ɗauka na kirak ne.

Idan sai an saya

Tsaya ka duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka sayen lasisi saboda na'urar da ba za ta wuce 10 ba asarar kuɗi ce. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 da Secure Boot, waɗanda sassan tsaro ne na kwamfutar, da RAM aƙalla 4GB, da ma'ajiya 64GB, da furosesa Intel zubi na 8 zuwa sama ko, a galibi, Ryzen 2000 zuwa sama. Ana gane zubin daga lambar: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗa maka cikin minti ɗaya. Sau da yawa TPM ɗin na nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi.

A shagon Microsoft na Amurka, Home dala 139 ne, Pro dala 199 da 'yan kai. Da tsada, babu musu. Ga ɗalibi ko mai amfani a gida Home ya wadatar. Pro na wanda ke buƙatar cikakken BitLocker mai kulle ma'ajiya, ko shiga kwamfutarsa daga nesa, ko haɗa ta da tsarin ofis. Hanya mafi tsabta ita ce saye ta Microsoft Store daga cikin kwamfutar, sai dai ba kowane katin naira ke biyan kuɗin waje ba, ka tambayi bankinka tukuna. In ta hannun dila ne, ka nemi rasit mai sunan shago da sunan bugun, ka tambaye shi ko lasisin Retail ne ko OEM. Retail ana iya ɗauke shi zuwa wata kwamfutar, OEM kuwa yana mutuwa tare da madabod ɗin da aka fara sa shi.

Lambobin nan da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook a kan 'yan dubban nairori, ka yi nesa da su. Yawanci lambobin kamfanoni ne ko na masu rubuta manhaja da ba a yarda a sayar ba, ana sayar da guda ɗaya ga mutane da dama. Za ta yi aiki yau, ran da aka toshe ta kuma ba ka da wanda za ka kama. Lambobin Windows 7 da 8 ma sun daina kunna Windows 10 da 11 tun Satumba 2023, kada a sayar maka da tsohuwar sitika. Ɗalibai da malaman jami'a su fara tambayar sashen kwamfuta na makarantarsu, domin wasu makarantu na da yarjejeniya da Microsoft.

Gajerar hanya, da dalilin da ya sa ba mu fi son ta ba

Ana iya sa sabuwar lamba ba tare da goge komai ba. A taga mai ikon Admin ka rubuta slmgr /upk don cire tsohuwar lamba, sai slmgr /cpky, sai slmgr /ckms don share adireshin KMS na bogi. Ka cire manhajar kirak ɗin, ka buɗe Task Scheduler ka goge duk aikin da ke da KMS a sunansa, in ba haka ba zai sake ɗora kansa. Ka shiga Windows Security ka share abin da aka sa a Exclusions, ka yi cikakken bincike. Daga nan Settings, System, Activation, Change product key.

Zai yi aiki, rubutun zai ɓace. Amma tamkar sauya kwaɗon ƙofa ne alhali ba ka duba ko ɓarawo na cikin ɗaki ba. Idan Windows ɗin kansa daga wani faifai ne da aka yi wa kwaskwarima, irin masu suna Lite ko Ghost, an riga an cire masa sassan tsaro da sabuntawa, kuma lamba ba ta dawo da su. Sannan ba a sauka daga Pro ko Enterprise zuwa Home da lamba kawai. Shawararmu a goge a ɗora sabo.

Gogewa da ɗora sabo

Tanadi filas mai 8GB ko fiye wanda babu komai a ciki, domin za a share shi. Tanadi data kamar 10GB: Windows 11 ya haura 5GB, sabuntawa kuma za ta ci sauran. Kwashe Desktop da Documents da Downloads da hotuna zuwa wata ma'ajiyar waje, ka buɗe wasu fayilolin a can ka tabbatar sun kwafu. Masu shago su tuna da fayilolin CorelDraw da samfuran takardun kwastomomi da direban firinta. Kalmomin sirrin da ke cikin burauza ma ka tabbatar ka san su. Kada ka kwafi tsofaffin manhajojin kirak, ka dawo da cutar da hannunka.

Daga shafin microsoft.com kaɗai za ka sauko da Media Creation Tool, kuma ya fi kyau a haɗa filas ɗin a kan wata kwamfuta mai tsabta. Ka sauko da direban Wi-Fi na samfurinka daga shafin kamfanin, ka ajiye a wani filas ɗin.

Zaɓi lokaci. A zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato, laftof da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka kan mutu da kanta tsakiyar aiki. Yi da sassafe ko da dare, a kan tebur, ba kan katifa ko darduma ba, batir a cike, caja a jone. In batirin ya mutu, kada ka dogara da wutar NEPA, nemi wurin da ke da sola ko janareto.

Sa filas, ka kunna kana danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filas ɗin mai alamar UEFI. Idan akwai lasisi a madabod, ba za a tambaye ka lamba ba, da kansa zai zaɓi bugun da ya dace. Idan an tambaya, sa lambarka, ko ka danna "I don't have a product key" ka zaɓi daidai bugun da ka saya. A nan ake yawan kuskure: a sayi Home, a zaɓi Pro don ya fi daɗin suna, lamba ta ƙi shiga.

Wajen zaɓen ma'ajiya a nutsu. Za ka ga Drive 0 an yanka shi kashi-kashi. Idan ka kwashe komai, goge dukkan kason Drive 0 har ya zama fili guda, ka danna Next. Idan akwai kason D da ka bar kaya a ciki, gane shi da girmansa, kada ka taɓa shi. Idan ba a ga ma'ajiyar ba sam, abin da ke faruwa a wasu laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama, direban Intel RST ne babu, sai ka sauko da shi daga shafin kamfanin ka loda ta Load driver. A kan SSD aikin bai cika wuce minti 30 ba, tsohon faifai mai juyawa kan kai awa ɗaya.

Da ta tashi, haɗa intanet, ka shiga da asusun Microsoft naka, ba na mai gyara ba. Wannan ne ke ɗaure lasisin da sunanka, ya ba ka damar dawo da shi ta Activation troubleshooter idan an sauya madabod, in lasisin Retail ne. Windows 11 kan kulle ma'ajiya da kansa, ya ajiye makullin ceto mai lamba 48 a asusun, don haka ka kwafe shi a takarda. Bar Windows Update ya gama, sannan ka sake duba slmgr /xpr.

Idan ta ƙi kunnuwa

Lambar kuskuren ce ke faɗa maka inda matsalar take. 0xC004F050 yawanci lamba ce da ba ta dace da bugun ba, ko an yi kuskuren harafi, musamman 8 da B. 0xC004C003 na nufin an toshe lambar, 0xC004C008 kuma an yi amfani da ita a kwamfutoci fiye da ƙima. Waɗannan biyun ka koma wa mai sayarwa da rasit ɗinka. 0xC004F074 alama ce kwamfutar na neman KMS har yanzu, wato ragowar kirak na nan. 0x80072F8F kuwa agogo ne ba daidai ba. Gyara kwanan wata da lokaci, in yana komawa baya kullum a sauya ƙaramin batirin madabod, yawanci CR2032 ne.

Lasisin Windows bai haɗa da Word da Excel ba, kuma da yawa a nan suke sake jawo kirak a sabuwar kwamfuta. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe fayilolin Word da Excel, Office na burauza ma kyauta ne da asusun Microsoft. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ko kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa, Linux Mint halas ne kuma ba a biyan komai. Yana tafiya lafiya a tsofaffin na'urori, kuma ana iya gwada shi daga filas kafin a goge komai. Sai dai CorelDraw da Photoshop ba su da bugun Linux, don haka mai shagon zane ya gwada Inkscape da GIMP a kan ainihin fayilolinsa, ya kuma tabbatar firintarsa na bugawa, kafin ya yanke shawara.