Yadda zaka samu intanet idan ka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido

Yanzu mutanenmu na Kebbi sun fara shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, musamman masu zuwa Umara da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai, tunda Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya da ke tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, ga kuma jiragen MSC da ke zagaye tsakanin Dubai da Abu Dabi da Doha lokacin sanyi. To duk wanda zai tafi tambayarshi ɗaya ce, ya za'ai da waya, don mutum ya bar iyali a Birnin Kebbi ko Argungu, ya bar yaran shago, ko ya bar shinkafa a fadama ana jiran ya ce a saida ko a dakata.

Ka fara sanin cewa hanya uku wayarka zata iya kama intanet a wannan tafiya. Akwai waifai na jirgin, akwai netwok na ƙasar da kuka tsaya, akwai kuma wani netwok na waya da jirgin ke kunnawa in ya yi nisa da gaɓa, kuma wannan na ukun shi ne yake cinye ma mutane kuɗi ba su sani ba.

Duk ɗan Kamba ya san yadda waya take tsallakawa ta kama netwok ɗin Nijar kana zaune a gidanka, katinka ya tafi ba ka kira kowa ba. Haka yake a teku sai dai tsadar ta wuce nan nesa ba kusa ba, saboda ta tauraron ɗan adam ake turo shi. In jirgi ya yi kamar mil 12 daga gaɓa sai su kunna, zaka ga saman wayar ya rubuta Cellular at Sea ko Telenor Maritime ko wasu lambobi da suka fara da 901. In layinka na da romin a buɗe, wato damar yin aiki a netwok ɗin da ba na gida ba, to shi kenan wayar zata kama da kanta, kuma duk wani bandir na romin da ka saya don Saudiyya ko Dubai galibi bai shafi wannan ba, kuɗin daban ne. Maganin kawai kafin jirgi ya ɗaga ka danna alamar jirgin sama ɗin nan da ke rufe layi, sannan ka kunna waifai shi kaɗai. Ka duba wayar Hajiya da ta yara ma ka yi musu haka, kar kace ai sun sani.

Shi waifai na jirgi galibi saye ake, ba kyauta bane kamar na otal. Da can a hankali yake tafiya sosai don taurarin da ake amfani da su suna can sama kusan kilomita 36,000, amma daga 2022 manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da MSC suka koma Starlink, wanda nashi taurarin ke kusan kilomita 550 kacal, irin dai wanda ya shigo Najeriya a 2023 da zaka ga farantinshi kan rufin wasu gidaje da shagunan POS. Yanzu kam har kiran bidiyo ana yi. Sai dai ka tuna mutum dubu uku ko huɗu ne kuke rabon abu ɗaya, da daddare in kowa ya koma ɗaki zai yi nauyi, bayan sallar asuba kuwa gudu yake, to lokacin zaka tura manyan bidiyo ko ka kira gida.

Farashin a kan kowace waya ne a kowace rana, a manyan jirage galibi tsakanin dala 15 zuwa 30, in ka juya shi zuwa naira na sati guda zaka ga ba wasa bane. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su saya tun suna gida ta manhajar kamfanin, yafi araha kan a saya cikin jirgi, kuma su karanta abin da kowane tsari ya ƙunsa, wani na saƙo ne kawai irin WhatsApp da Facebook, wani kuma har da YouTube da kira. In kai da iyalinka ne ba dole sai kowa ya sayi nashi ba, a jirage da yawa in ka fita daga asusun a wayarka wani zai iya shiga da tashi wayar, sai ku riƙa karɓa-karɓa, amma ka tambaya kafin ka biya don wasu kamfanonin suna ɗaure shi ne a waya ɗaya. Ka kuma je bankinka tun da wuri ka tabbatar katinka na biyan dala ko yuro, don a cikin jirgi komai a kan katin ɗakinka ake rubutawa a cire a ƙarshe. Manhajar jirgin kanta da ke nuna lokacin abinci da inda za'a tsaya kyauta take aiki ko ba ka sayi komai ba.

Mifi ɗinka kuwa barshi a gida, a tsakiyar teku babu turken sabis da zai kama. Ƙaramin Starlink na hannu ma wasu kamfanonin sun hana shiga da shi, ƙwacewa suke sai an sauka.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne harkar banki, kuma nan nake so ka natsu. Manhajar banki da OPay da Moniepoint zasu yi aiki da waifai, amma lambar OTP da ake turowa ta tes ba zata shigo ba tunda ka rufe layi, lambobin banki da ake dannawa da alamar * su ma babu su. Don haka kar ka canja waya ana gobe tafiya, kar ka goge manhaja ka sake saukewa a hanya, in bankinka na turo lambar ta imel ko yana da tokin to ka haɗa shi tun kana gida ka gwada ka ga ya yi. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, kuɗin leburori a gona, ka tura su kafin ka tashi ko ka damƙa ma wani amintacce. Ranar da jirgi ya tsaya a gari zaka iya buɗe layinka na Najeriya ka bar datar romin a kashe, saƙonnin tes su shigo, ka gama abin da zaka yi ka sake rufewa kafin a tashi.

Ranar tsayawa ita ce ranar intanet mai araha. In wayarka na ɗaukar eSIM, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da an sa kati ba, ka sayi na yankin da ya haɗa ƙasashen da zaku bi, irin na Airalo, ka sa shi tun a gida inda kake da netwok mai kyau, don sai da intanet ake ɗora shi. Lambarka ta WhatsApp ba zata canja ba, in ya tambayeka ko zaka koma sabuwar lamba kace a'a. A Dubai da Abu Dabi kiran WhatsApp ba ya tafiya a netwok ɗinsu, sai dai saƙon rubutu da saƙon murya, ka gaya ma mutan gida kar su ɗaga hankali. Waifai na kanti ko gidan shayi a tasha kuma ka yi hira da shi amma kar ka buɗe banki a kai.

Kafin tafiya ka sauke taswirar garuruwan a Google Maps, da Alƙur'ani da karatun malaman da kake saurare, da hoton fasfo da biza da tikiti. Ka kashe abin da ke sauke hotuna da bidiyo da kanshi a WhatsApp, don gurup ɗin dangi da na 'yan kasuwa kaɗai sun isa su cika maka waya, ka kuma hana wayar sabunta manhajoji da kanta.

Sai batun lokaci. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, to ka faɗa ma gida ƙarfe nawa zaka riƙa leƙowa a agogonsu, kamar bayan la'asar, don kar uwa ta kira ta ji a kashe ta kwana ba barci. Kai kuma in ka sauka gari ka bi agogon jirgi, waya na iya canja lokaci da kanta in ta kama netwok ɗin garin, kuma jirgi baya jiran wanda ya makara. Manhajar lokutan sallah na aiki da GPS ko babu data, amma alƙibla ka riƙa sake dubawa duk sallah tunda jirgin juyawa yake, kuma ƙarfen jikinshi na rikita kamfas ɗin waya, gara ka fita sarari ka duba ko ka kalli taswirar da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki ka ga inda jirgin ya dosa.