Yadda Ma'aurata Masu Bi Za Su Yi Tsayayya da Jaraba Su Girma Cikin Tsarki

Mai bi da yake so ya tsare kansa da aurensa daga zunubi, ya kamata ya fara da sanin inda jaraba take fitowa, domin da yawa daga cikinmu muna tsaron ƙofar gaba alhali ɓarawon yana cikin ɗaki. Wasiƙar Yaƙub 1:13-15 ta hana mu ɗora wa Allah laifin jarabarmu, ta kuma nuna cewa muguwar sha'awar mutum ce take jansa tana yaudararsa, sa'an nan sha'awar ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya ƙasaita ya haifi mutuwa. Ciki ba ya zama haihuwa rana ɗaya. Tsakanin kallon farko da faɗuwa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ake cin nasara ko a sha kaye.

Jin jaraba kansa ba zunubi ba ne. Ibraniyawa 4:15 ta shaida cewa an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai masu bi da suke yanke ƙauna da zarar mugun tunani ya gilma musu, su ɗauka cewa tun da sun riga sun ƙazantu, ci gaba ba zai ƙara komai ba, alhali kuwa har yanzu suna bakin ƙofa, hanyar fita tana buɗe kamar yadda 1 Korintiyawa 10:13 ta alkawarta.

Mataki na farko shi ne ka san lokutan rauninka, ka kuma ambace su da sunayensu ba tare da kwana-kwana ba. Labarin Dauda a 2 Sama'ila 11 ya isa makaranta a kan wannan. Lokaci ne da sarakuna kan fita yaƙi, amma ya aiki Yowab, shugaban sojojinsa, da rundunar, shi kuwa ya zauna a Urushalima. Da yamma ya tashi daga gado yana yawo a bisa rufin fada, ya hango mace tana wanka, ya aika a bincika ko wace ce, aka faɗa masa cewa Batsheba ce matar Uriya Bahitte, duk da haka ya sake aikawa a kawo ta. A lissafa wuraren da zai iya tsayawa: da ya tafi bakin aikinsa, da ya kau da ido, da ya fasa tambaya, da ya ja da baya sa'ad da ya ji kalmar "matar". Kowane mataki ya fi na bayansa wuyar komawa. Saboda haka ka tambayi kanka ko yaushe ne kake yin sanyi, ko lokacin gajiya ne, ko bayan faɗa da matarka, ko cikin tafiya mai nisa, ko kuwa tsakar dare sa'ad da waya take hannunka kowa yana barci. Mace ma ta yi wa kanta wannan tambaya, domin kaɗaici da rashin jin kalma mai daɗi daga miji sukan sa yabon wani namiji ya yi nauyin da bai cancanta ba.

Mataki na biyu shi ne gudu, kuma a nan ne girman kai yake kayar da mutane. Game da Iblis an ce mu yi tsayayya da shi, amma game da fasikanci umarnin 1 Korintiyawa 6:18 shi ne a guje masa. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya ga ƙin kwana da matar maigidansa Fotifar kaɗai ba, ya ƙi ko zama tare da ita, ko da yake kullum tana matsa masa, ranar da ta kama rigarsa kuwa ya bar mata rigar ya fita waje. Ya ƙare a kurkuku saboda ƙaryar da ta yi masa, abin da yake tuna mana cewa tsarki yakan zo da hasara. A aikace, gudu yana iya zama goge lambar waya, daina hirar sirri da abokin aiki, sauya hanya, ko barin wani dandali na intanet gaba ɗaya. Ma'aunin da nake ganin ya fi kowanne sauƙi shi ne wannan: duk saƙon da ba za ka so matarka ta karanta ba, ko wanda za ki yi saurin gogewa kafin mijinki ya gani, ya riga ya ƙetare iyaka, ko da babu kalmar batsa ko ɗaya a ciki.

Sai dai gudu kaɗai ba ya raya aure. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma yawancin tsagewar bangon aure ba daga waje take farawa ba. Fushin da aka kwana da shi tsaga ce, shi ya sa Afisawa 4:26-27 ta haɗa gargaɗin kada rana ta faɗi muna cikin fushi da gargaɗin kada a ba Iblis dama. Raini ma tsaga ce, irin wanda sabo yake kawowa, har mutum ya riƙa yi wa baƙi fara'a yana ajiye wa iyalinsa ɗaurin fuska. Manzo Bitrus ya gaya wa mazaje su zauna da matansu da fahimta, su girmama su, don kada addu'o'insu su sami cikas, wato yadda mutum yake magana da matarsa a ɗaki yana shafar yadda ake jinsa a sama.

Akwai kuma batun da kunya takan hana a taɓa shi. A 1 Korintiyawa 7:3-5 Bulus ya yi magana a fili cewa miji da mata su ba juna hakkin aure, kada su hana juna sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci, domin addu'a, sa'an nan su sake haɗuwa don kada Shaiɗan ya jarabce su. Mai da shimfiɗa makamin horo kuskure ne, tilasta wa abokin zama da sunan wannan aya shi ma kuskure ne, domin ayar tana tsaye ne a kan yardar juna. Inda rashin lafiya ko wani tsohon rauni na zuciya ya shiga tsakani, a zauna a yi magana, in ya cancanta a nemi likita ko mai ba da shawara da ya san aikinsa.

Bayan an toshe tsaga, dole a cika gidan. Yesu ya ba da misalin mugun ruhun da ya fita daga mutum, ya dawo ya tarar da gidan a share amma babu kowa, ya je ya kwaso waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Mutumin da ya bar zunubi bai sa komai a gurbinsa ba yana cikin wannan hatsari. Sa'ad da aka jarabci Ubangiji Yesu a jeji bayan azumin kwana 40, dukan amsoshinsa uku daga littafin Maimaitawar Shari'a suka fito, kuma bai tsaya neman inda aka rubuta su ba, suna cikinsa tun tuni. Ku zaɓi ayoyi kaɗan da suka dace da rauninku ku haddace su. Ku sa lokacin addu'a tare, ko da gajere ne, muddin kullum ne, domin yana da wuya mutum ya riƙe hannun matarsa a gaban Allah da safe yana kuma ɓoye mata wani abu har abada. Kada ku janye daga zumuntar ikkilisiya, kowannenku kuma ya sami amintaccen mai bi, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda aka ba izini ya yi tambaya mai zafi ya kuma sami amsa ta gaskiya.

In kuwa an riga an faɗi, kada a bi Dauda wajen rufe laifi da laifi, domin ɓoyewar ce ta kai shi ga sa a kashe Uriya. A bi shi wajen amsar da ya ba annabi Natan sa'ad da annabin ya nuna masa laifinsa, inda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, bai kawo hujja ko ɗaya ba. 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar da gafara ga mai furta zunubinsa, amma gafarar Allah ba ta share wa Dauda sakamakon abin da ya aikata a gidansa ba. Wanda ya ci amana ya yanke hulɗar nan take, ya faɗi gaskiya ga abokin aurensa, zai fi kyau a gaban fasto ko wani dattijo mai riƙe sirri, ya kuma yarda a ga wayarsa da inda yake zuwa har tsawon lokacin da wanda aka cuta yake bukata, ba tare da ya riƙa tambayar yaushe za a manta ba.