Yadda Za Ka Gina Tankin da Zai Rage Ƙarfin Omo a Ruwan Wanki

Gidan wanki, otal, makarantar kwana da yara ke taruwa wanki ranar Asabar, duk ruwansu kwata yake nufa, daga kwata kuma sai rafi. A Kano da irin wannan ruwan masu lambun gefen Jakara ke ban ruwa, latas ɗin kuma mu ne masu cinsa. Shi ya sa nake gina wa masu wanki rufaffen tanki, inda bakteriyar da ba sa buƙatar iskar oksijin ke cin dattin kafin ruwan ya fita. Ba ya cin wuta, ba ya son inji. Amma akwai abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa, kuma gara ka sani kafin ka sayi bulo.

Fara da duba bayan ledar omon da kake amfani da shi. Sabulun sanda, da sinadaran kumfa irin na shamfu da yawancin sabulun ruwa na wanke hannu, waɗannan bakteriyar suna narkar da su. Mai taurin kan shi ne wanda ake kira LAS, kuma shi ne jigon kusan duk garin omo da ke kasuwa. An koma gare shi wajen 1965, bayan wanda ya gabace shi ya cika kogunan Turai da Amurka da kumfar da ta ƙi bajewa. LAS na ruɓewa da sauri idan akwai iska, domin matakin farko na farfasa shi oksijin yake so. A tankin da babu iska, yawancinsa manne wa laka yake yi, kaɗan ne ke narkewa. Masu bincike a Jami'ar São Paulo ta Brazil sun daɗe suna gwaji da ruwan gidajen wanki, sun kuma nuna ana samun ci gaba idan an haɗa wa bakteriyar wani abinci mai sauƙin ci. A kan wannan na ɗora dukkan ginina.

Ma'anarsa, kada ka tura ruwan wanki zalla. Haɗa shi da ruwan kicin, na wanke shinkafa da tukwane, ko na ban ɗaki idan tsarin gidan ya ba da dama. Ruwan wanki zalla ba shi da abinci isasshe, ga omon ya yi kauri har yana kashe ƙwayoyin da ke fitar da gas. Idan na samu dama, ba na barin na wanki ya wuce rabin abin da ke shiga.

Ramin farko na tarawa ne. Sa raga a bakinsa ta tare zare, maɓalli da leda. Aikinsa ya haɗa ruwan wankin farko mai ƙarfi da na ɗauraya, ya kuma bar yashi ya kwanta. A nan za ka yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci. Sayi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, a shagon kayan gwaje-gwaje, ka tsoma. Ruwan omo yakan nuna 9 zuwa 11 saboda sodar da ke cikinsa, su kuwa masu fitar da gas tsakanin 6.8 da 7.5 suke walawa. Sau da yawa ruwan kicin da ya kwana ya yi tsami shi kaɗai ke sauko da shi. Ruwan bilic kuwa, Hypo ne ko Jik, ware masa bokiti daban, ka bar shi a rana a buɗe kwana biyu kafin ya bi sahu. An yi shi don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tantance naka da na banza.

Sai tankin kansa. Turawan Holan, ƙarƙashin Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen, sun fito da nasu tsarin a shekarun 1970, amma yana son kulawa fiye da abin da mai gidan wanki zai iya. Ni na fi son mai ɗakuna a jere, wanda Perry McCarty da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1980. Birkila da falamba za su gina maka shi. Ɗakuna huɗu zuwa shida, zurfin ruwa kamar mita 1.5 zuwa 2. Daga saman kowane ɗaki, bututun roba mai inci 4 zai ɗauki ruwa ya sauke shi kusa da ƙasan ɗaki na gaba, ta yadda dole ya kutsa ta cikin laka kafin ya hau. A cikin lakar nan aikin yake. Ka ba ruwan kwana biyu zuwa uku a ciki: idan kana zubar da lita 2,000 a rana, ɗakunan gaba ɗaya su ɗauki lita 4,000 zuwa 6,000. Kada ruwa ya hau fiye da mita ɗaya a awa, in ba haka ba zai kwashe lakar ya fita da ita. Tsaya a kan birkila wajen filasta, ciki da waje, kuma kowane ɗaki ya samu murfi da bututun fitar da gas da ya wuce tsayin rufi.

Sabon tanki fanko ne, sai ka zuba masa iri. Ɗanyen kashin shanu, wanda bai bushe ba, a dama da ruwa a tace haki, ko baƙar laka daga tsohon sokawe da ya daɗe yana aiki. Tankin tamkar tumbin saniya yake, ƙwayoyin ma dangin juna ne, kuma ba a canja masa abinci farat ɗaya. Makonnin farko ruwan kicin kawai, sannan ka riƙa ƙara na wanki kaɗan-kaɗan. Kafin ya kankama yakan ɗauki wata uku, wani lokaci shida. Fara da bazara, domin sun fi kuzari a zafin digiri 30 zuwa 37. Da hunturu sukan yi sanyin jiki, ko da yake binne tankin a ƙasa na taimakawa.

Idan yana lafiya, ka ɗaga murfin ɗaki na biyu za ka ga ƙananan ƙwallayen gas na tasowa suna fashewa a hankali, lakar baƙa wuluk, ruwan ɗakin ƙarshe ruwan toka-toka. Idan pH ya faɗi ƙasa da 6.5 kuma wari ya koma tsami, ka yi masa yawa, rage ruwan ka jira. Warin ɓaragurbi kuwa daga gishirin salfet ne da ake cika garin omo da shi. Wasu bakteriya na mayar da shi iska mai guba. Ina roƙonka, kada ka bar kowa ya shiga ciki, ko an kwashe ruwan. Irin iskar nan ta kashe masu yasar masai da dama. Kada kuma a kusanto da wuta ko taba, gas ɗin yana kamawa.

Ruwan da ya fito bai gama ba. Ɗebo rabin gora ka girgiza: kumfar da ta tsaya ragowar LAS ce, kuma iska take jira. Gina kwami mai faɗi, zurfin rabin mita, ka shimfiɗa leda ko siminti, ka cika da tsakuwa, ka dasa jema ko kacala. Ruwan ya faɗo daga ɗan tudu yana fantsama, sannan ya ratsa tsakuwar a hankali. A nan LAS ke ruɓewa da gaske, saiwoyin kuma su sha wani abu daga fosfet, wani sinadarin da ake sa wa omo, wanda tankin bai taɓa ba. Kacala ka riƙa yankanta kafin ta yi fure, kowa ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru. Abin da ya fita daga kwamin a ba bishiyoyi da furanni, ban da ganyen da ake ci ɗanye.

Laka kuma takan taru. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu, zura sanda ka auna. In ta kai rabin ɗaki, a zuƙe, amma a bar kashi ɗaya cikin uku a matsayin iri. Wadda aka kwashe tana ɗauke da LAS ɗin da ya manne, saboda haka kada a juye ta a kwata. A baza ta a kan yashi, a haɗa da busasshiyar ciyawa, a riƙa juyawa iska na ratsa ta na wasu watanni kafin ta je gindin bishiya.