Kwas ɗin Kemistiri a Jami'o'in Amurka: Maki Mako-Mako Ake Tara Shi

Ɗalibin da ya taso daga Kano, Zariya ko Maraɗi ya sauka Amurka a ƙarshen watan Agusta da niyyar karanta injiniyanci, harhaɗa magunguna ko share fagen likitanci, da wuya ya kauce wa kwas ɗin kemistiri na shekarar farko. Darussan ba baƙi ba ne ga wanda ya rubuta WAEC ko NECO, domin ya san mol (ma'aunin yawan sinadari), ya san daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, ya kuma san dokokin iskar gas. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne yadda ake raba maki. A yawancin jami'o'in Najeriya jarrabawar ƙarshen zango ce ke ɗauke da kashi 60 ko 70 cikin ɗari, shi ya sa ɗalibi kan yi sakaci har wata biyu, sannan ya riƙa kwana a aji yana haddacewa, kuma ya tsallake. A Amurka zangon bai wuce mako 15 ko 16 ba, makin kuma a warwatse yake tsakanin aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje, rahoton ɗakin gwaji, jarrabawa biyu ko uku a tsakiyar zango, da ta ƙarshe. Wanda ya bari sai Nuwamba ya farka zai tarar an riga an raba fiye da rabin makin ba ya nan.

Saboda haka takardar farko da ya kamata a karanta da natsuwa ita ce silabas, wadda malami kan ɗora a shafin intanet na kwas ɗin, kamar Canvas ko Blackboard. A cikinta akwai ranar kowace jarrabawa, da nauyin kowane aiki, da hukuncin wanda ya makara. A kwashe ranakun nan duka a zuba su cikin kalandar waya tun makon farko. Aikin gida kuwa galibi ta intanet ake yin sa, kuma idan an ce sha ɗaya da minti 59 na dare zai rufe, to kwamfuta ce ke rufewa, ba ta jin magiya.

Lacca takan kasance sa'a uku a mako, wani lokaci a zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane. A watan farko harshen malami zai ba da wahala, ba don rashin Turanci ba, sai don saurin magana da bambancin furuci. Maganinsa shi ne karanta babin tun daren jiya, ko da sama-sama ne, ta yadda kunne zai tarbi kalmomin da ido ya riga ya gani. Jami'o'in suna lissafin cewa kowace sa'a ɗaya ta aji tana buƙatar sa'a biyu ta nazari a waje, kuma a kemistiri nazarin nan da biro da takarda ake yin sa. Mutum zai iya karanta misalin littafi ya ga kamar ya gane, amma sai ya rufe littafin ya warware tambayar da kansa zai san inda ya tsaya.

Ɗakin gwaji ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Zama ɗaya ne a mako na kimanin sa'a uku, kuma mataimakin malami, wanda galibi ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne, shi ke kula da shi. Tun a ƙofa ake fara tantancewa: tabarau na kariya, takalmi rufaffe, da tufar da ta rufe ƙafa har idon sawu. Wanda ya zo da silifa za a mayar da shi gida, kuma a kwasa-kwasai da yawa rasa zama biyu ko uku kan jawo faɗuwa a kwas ɗin baki ɗaya, komai kyan sauran makin. 'Yan'uwanmu mata su zaɓi hijabi na auduga maimakon na roba, domin yadin roba yana narkewa ya manne wa fata idan wuta ta taɓa shi, sannan su cusa gefensa cikin rigar gwaji. Babbar riga mai faɗin hannu ita ma a bar ta sai ranar Juma'a. Tun da an ambaci Juma'a, a lokacin rajista ne ake zaɓen rukunin da za a shiga, don haka a guji zaman da ya faɗa bayan azahar ɗin ranar, maimakon a zo daga baya ana neman alfarma kowane mako.

Wanda ya yi taitireshan (ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani har launi ya sauya) a sakandare zai ji daɗin ganin biyuret, dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga ruwan da shi, amma a nan ana bin abin da ƙwaƙƙwafi. Ana sunkuyawa ne ido ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, a rubuta 23.45 ba 23.5 ba, kuma digo na ƙarshe shi ne wanda ya bar ruwan hoda mai haske da zai tsaya kamar daƙiƙa 30. Idan launin ya yi jawur, an zarce, sai a sake. Duk lambar da aka samu da biro ake rubuta ta nan take, idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, ba a gogewa. Sakamakon da bai yi kyau ba, in dai an bayyana dalilinsa, yana samun maki. Ƙirƙirar lamba kuwa, ko kwafar rahoton aboki, laifi ne da ake kai wa gaban kwamitin ladabtarwa. A gida muna kallon ba wa ɗan'uwa aikinka ya duba a matsayin zumunci. A nan mai bayarwa da mai karɓa duka ake hukuntawa, ko da tare suka yi gwajin.

Kowane malami yana da sa'o'in da ya ware a mako domin ganin ɗalibai a ofishinsa. Tarbiyyarmu ta girmama malami takan hana mu ƙwanƙwasa ƙofar, alhali zaman jiranmu yake yi. A je da tambaya takamaimiya, da takardar da aka gwada aikin a kai, musamman bayan jarrabawar farko, wadda kan zo a mako na huɗu ko na biyar.

Idan makin ya yi muni ƙwarai, akwai damar janyewa daga kwas kafin wata rana da jami'a ta tsayar, inda za a rubuta W a takardar sakamako. Sai dai mai bizar ɗalibi ta F-1 dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) a zango, kemistiri da ɗakin gwajinsa kuma yakan ci 4 ko 5, don haka kada a danna komai sai an ga jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Jarrabawar ƙarshe tana zuwa a Disamba, kuma takan tattaro komai tun daga makon farko. Jami'o'i da dama suna amfani da ta ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, wato ACS, wadda tambayoyinta na zaɓi ne, lokacinta kuma a ƙure yake. Ƙungiyar tana da littafin shiri na musamman, kuma yana da kyau a fara bin sa da agogo a gefe tun hutun ƙarshen Nuwamba. A kuma duba silabas a ga irin kalkuletar da aka yarda da ita, domin a zauruka da yawa ba a barin mai zana giraf ta shiga.